Fallen Ƙarshe na Littafin Maraƙi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka a Zakka, zuwa gare ka Baba Ƙarami, mai sunan mahaifina, a Karare ta ƙasar Batsari. Gaisuwa mai yawa. Ina fata kun sauka lafiya kai da iyalinka, ina fata ruwan garin ya karɓe ku. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin mahara, da sharrin bakin mutane. Innarka na gaishe ka, ƙanwarka Kulu na gaishe ka. Ka isar da gaisuwata ga mai garin da ya kira ka koyar da yaransu, da dattawan da suka ba ka masauki.

Bayan gaisuwa, ka gyara zama, domin raina a ɓace yake kuma ba ni da niyyar ɓoye maka.

Kwana shida da tafiyarka Kulu ta zo gida ta shiga sharar zaure, ta ɗaga tsohon akumarin jaki da ke lungu, sai ga gafakar kakanka a ƙarƙashinsa. Gafakar da na ɗora maka a kan kaya da hannuna ranar da za ku tashi. Kada ka ce mani faɗuwa ta yi. Abin da ya faɗi ba ya jan akumari ya rufe kansa. Har gara ta fara cin maɗaurinta. Na tambayi Innarka, ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce ta ji kana gaya wa matarka, "Kaya sun yi wa jaki yawa, kuma ni karatu za ni koyarwa, ba tatsuniya ba." Kaya sun yi yawa. Ka ɗauki turmi, ka ɗauki buta biyu, ka ɗauki damin tsumagiyar da ka saro daga tsamiyar ƙofar gida don dukan 'ya'yan mutane, duk jakin bai yi ƙorafi ba. Falle arba'in na takarda ne za su karya mashi baya.

Na wuni ina fushi da kai. Ko furar rana ban sha ba. Da la'asar ta yi sai fushin ya juyo kaina, domin maganar nan da ka faɗa wa matarka a bakina ka tsince ta. Saboda haka wannan takarda rabinta faɗa ne da kai, rabinta faɗa ne da ni, kuma duka za ka karanta.

Kai ba ka san abin da ka tura ƙarƙashin akumari ba, don ban taɓa bari ka sani ba. Kakanka ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan Fulani a bakin dajin Rugu, can ya rubuta littafin da ke cikin gafakar da ajami, da hannunsa. Labarin wani jan maraƙi ne mai farin goshi, wanda ya gurɗe a ƙafa ranar da ruga ta tashi, aka bar shi a baya ba a sani ba. Sai wata balbela mai shegen surutu ta liƙe mashi, wai don tausayi, alhali don ƙudajen jikinsa ne. Sai wani tsohon kurege mai cika baki da sanin hanya, wanda bai taɓa wuce tudun da aka haife shi ba. Su uku suka shiga daji neman garke, wata kura mai ɗingishi tana bin sawunsu. Sun faɗa ramin maharba, gobarar daji ta kore su, sun yi faɗa sun rabu sun sake haɗuwa. A falle na arba'in suka iso bakin gulbi. Gulbin ya kawo maƙil, uwar maraƙin tana wancan ƙetaren tana kuka, kura kuma ta fito daga cikin gamba a bayansu.

Da ya dawo Zakka, kakanka yakan karanta shi ranar Alhamis da hantsi, ranar da ba a ɗaukar allo, a gindin tsamiyar nan da ka aske wa rassa. Falle ɗaya, in ya ji daɗi biyu. In ya zo maganar balbela sai ya toshe hanci, in ya zo ta kurege sai ya kumbura kumatu. Babban malami da gemunsa fari, bai ji kunyar kowa ba. Yara sukan cika wurin har da na gidajen da a lokacin ba su fara salla ba, manya ma masu wucewa gona sukan tsaya da fartanya a kafaɗa suna yi kamar inuwa suke sha. Amma in ya kai bakin gulbi sai ya haɗa takardu ya mayar cikin gafaka. Yara su yi ta roƙo, wasu har da birgima. Shi kuwa sai ya ce, "Saura falle ɗaya. Wanda ke son ya san yadda maraƙi ya ƙare, ya koyi baƙi ya zo ya karanta da idonsa." Duk yaron da ya iya, sai ya shigar da shi zaure shi kaɗai, ya miƙa mashi fallen, bayan ya ɗauki alkawarin ba zai gaya wa kowa ba.

Ni da kake gani, daƙiƙi ne ina yaro. Na sha bulala har bayana ya saba, ban iya bambanta baƙi biyu ba. Maraƙin nan ne ya koya mani karatu cikin rani guda. Ranar da na fito daga zaure yara suka yanyame ni, wani har ya kawo mani ƙwarya cike da ɗinya in faɗa mashi. Na cinye ɗinyar ban faɗa ba. Rabin dattawan da ke karanta takarda a Zakka yau ta ƙofar zauren nan suka shiga, kuma babu wanda ya taɓa karya alkawarin.

To ga kuskurena na farko. Bayan rasuwar kakanka na tafi birnin Katsina neman ilimi, na dawo da rawani da girman kai. Wata rana wani Malam Haruna, abokin karatuna a birni, ya sauka a gidanmu. Zaure cike da mutane ya jawo gafakar, ya zaro falle, ya karanta maganar kurege da ƙarfi yana lanƙwasa murya. Ya ce, "Malam Sule, ashe a gidanku har kurege ma ana rubuta hudubarsa? Da takardar da ake ɗaukowa daga bayan hamada?" Mutane suka yi dariya. Ni kuma, maimakon in karɓe abina in nuna mashi ƙofa, sai na taya su. Na ce, "Rabu da shi, tsufa ne ya kama tsoho, tatsuniyar yara ce." Na sayar da ubana don kada a yi mani dariya. Kuma da na faɗa sau ɗaya sai bakina ya saba, na yi ta faɗa har ka girma kana ji.

Ka ji ni da kyau. A Karare ma za ka sami irin Malam Haruna, kowane gari yana da nasa. In ya yi maka dariya, ka tambaye shi yara nawa suka koyi karatu a hannunsa ba tare da an kamo su daga bayan rumbu ba. Malam Haruna ya rasu, Allah ya jiƙansa, ban ji mutum ɗaya ya ce shi ya buɗe mani ido ba. Kakanka kuwa har yau tsofaffi in sun wuce gindin tsamiya sai sun yi mashi addu'a. Kada ka yi kunyar abin da ke jawo yaro zuwa ga baƙi. Yaron da ya iya karanta labarin maraƙi ba ka da wahalar zaunar da shi gaban littafin da ya fi shi.

Kuskure na biyu kana nan aka yi shi, wataƙila ka manta. Kana da shekara bakwai Innarka ta dame ni, ta ce, "Malam, yaran nan ba za su ji abin da kakansu ya bari ba?" Na fito da shi wata Alhamis ina ɗaure fuska kamar mai zuwa jana'iza. Don kada a ce na zama mai tatsuniya, sai na mayar da shi wa'azi. In na karanta layi biyu sai in tsaya in ce, "Kun ga sakamakon rashin bin iyaye." In karanta uku in ce, "Wannan balbela misalin munafuki ce." Yara suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kai kaɗai ka rage, ka matso har gwiwarka na taɓa tawa. Da na kai inda suka yi faɗa balbela ta tashi ta bar maraƙi, na tsaya zan fara bayani, sai ka ja hannun rigata ka ce, "Baba, za ta dawo?" Na daka maka tsawa, na ce ba a katse malami. Na ga yadda fuskarka ta rufe. Ba ka sake tambayata komai a kan littafin nan ba, har ranar da ka tura shi ƙarƙashin akumari.

Wallahi in na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina. Tambayar da kakanka yake wuni yana jira ke nan, ni kuma aka kawo mani ita har gida na kore ta.

Saboda haka in za ka karanta masu, karanta kawai. Ka bar tsumagiya a ɗaki ranar Alhamis, kada ko inuwarta su gani. Kada ka fassara masu abin da labari yake nufi, ba su da toshewar kai, kai ne mai gaggawa. In yaro ya katse ka da tambaya, ka ce mashi, "Kai me ka gani?" ka bar su su yi gardama. Ka toshe hanci in balbela za ta yi magana, rawaninka ba zai faɗi ba, in ma ya faɗi ka ɗauka ka mayar. Ka tsaya inda ya fi daɗi, ba inda ka gaji ba. 'Yan mata su zauna gaba, don in ka bar su a baya samari za su cinye wurin. Mutanen Karare manoma ne, wasunsu ma iyayensu ne suka fara salla, kuma kowane yaro da suka aiko maka hannu ne suka cire daga gona. In yaran suka dawo gida da tabon bulala kawai, kafin a yi shuka za ka zauna kai da allunanka kuna kallon juna.

Na uku ya shafi ƙanwarka. Kulu ba ta tambayi kowa ba. In na tafi masallaci sai ta saci gafakar ta shige bayan rumbu. Da ɗan abin da ta tsinta a bakin Innarku ta yi ta haɗa baƙi, har ta karance falle arba'in ita kaɗai, tana da shekara goma. Wata safiya ta zo ta durƙusa gabana, ta san ta yi laifi, amma ta kasa haƙuri. Ta ce, "Baba, ka dake ni in ka so, amma ina na ƙarshen? Na ƙirga, na sake ƙirgawa, ya tsaya a bakin gulbi." Yarinyar nan ta yi abin da kakanka yake nema, ba bulala, ba malami. Ka san abin da na ce mata? Na ce akuya ta cinye. Na dubi idonta na yi mata ƙarya, sannan na yi mata faɗan taɓa kayana. Sati guda tana jifan akuyar gidanmu da dutse.

Kada ka taɓa yi wa yaro ƙarya a kan abin da ya sha wahala ya nema. In ba ka da shi ka ce ba ka da shi. In kai ka ɓatar ka ce ni na ɓatar. Shekara goma sha biyu ke nan Kulu ba ta sake buɗe takarda don jin daɗi ba, kuma ni na yi mata haka.

Yanzu ka ɗora hannunka na hagu a kan damtsenka na dama. Jar layar nan da ke ɗaure a wurin tun ba ka san kanka ba, ita nake so mu yi magana a kai.

Kana da shekara uku ƙyanda ta shigo Zakka. A shekarar mahara sun tare hanyoyi, fatake sun daina zuwa, babu farar takarda ko falle ɗaya a garin nan. Kwana uku jikinka kamar garwashi, ko rubutun sha ba ya wuce maƙogwaronka. An riga an binne yara biyu a maƙwabta. Innarka ta riƙe ƙafata tana cewa, "Malam, ka rubuta mashi wani abu ya rataya, ko mene ne." Na zazzage duk abin da na mallaka. Kowace takarda a rubuce take ciki da baya, sai guda ɗaya tak, fallen ƙarshe na littafin maraƙi, don labarin ya ƙare a fuska ɗaya, bayansa fari ne. Na juya shi na rubuta ayoyi, na ninke, na kai wa baduku ya ɗinke da jar fata. Ban yi nadamar neman lafiyarka ba, ko yau aka sake haka zan yi. Abin da ba na yafe wa kaina shi ne, ko a allo ban kwafe abin da ke ɗaya fuskar ba. Da na tsaya na ɗan lokaci kaɗan da na yi. Amma a lokacin na riga na saba cewa tatsuniya ce, sai na ninke ta kamar ganyen ɗaure daddawa.

Ka warke. Ni kuma na zauna da littafin da na cire wa mabuɗi. Abin da ya sa ban sake zama gindin tsamiya da gaske ba ke nan, don me zan ce wa yaron da ya koyi baƙi ya zo zaure yana miƙo hannu? Za ka ce me ya hana in sake rubutawa da ka, tunda na karanta. Na gwada sau biyu a allo. Na san abin da ya faru, amma maganar kakanka ba ta zo ba, wa'azina ne ya fito, na wanke. Kuma na ji tsoron Innarka, na ji tsoron in kwance layar wani abu ya same ka a ce ni ne. Shekara ashirin da biyu kana yawo da ƙarshen labarin a damtse, kana kiransa tatsuniya.

Ga abin da nake umurtarka. Kawunka Tanko zai kawo maka wannan takarda tare da gafakar in ya zo cin kasuwar Batsari, da farar takarda falle biyu. Ka fara karanta arba'in ɗin, kai kaɗai, daga farko, kada ka yi tsalle. In ka isa bakin gulbi, sannan ka yi alwala ka kwance layar. Ka bi ɗinkin da bakin aska a hankali, kada ka fizga, gumi da ruwan damina sun daɗe suna cin ta, kuma ban san abin da ya rage ba. Kowace damina da ka ƙara wani layi ne zai tafi. Ka kwafe ayoyin a falle ɗaya ka sake ɗinkewa in zuciyarka na so. A ɗayan ka kwafe labarin baƙi da baƙi, kada ka gyara wa kakanka ko ɗigo, na san halinka na gyaran abin da ba a sa ka ba.

Na san abin da ake cewa, wai layar da aka buɗe ta mutu. Na san kana zaune a bakin daji, ga mahara, ga matarka da juna biyu, kuma ba ka taɓa kwana ba tare da ita ba. Ban raina tsoronka ba, nawa ya fi naka daɗewa. Amma ni na rubuta ta, ni kuma nake ce maka ka buɗe. Allah ne ya tashe ka daga ƙyanda, ba jar fata ba, kuma ayoyin da ke ciki ka haddace su tun kana da shekara tara. In wani abu ne zai biyo baya, na roƙi Allah ya sauke shi a kaina.

In kuwa har yanzu girman rawaninka bai bar ka ba, to kada ka sake tura mani littafin ubana ƙarƙashin wani abu. Ka kwance layar yadda take ka ba kawunka tare da gafakar, ka riƙe tsumagiyarka. Amma ka sani, in suka dawo mani haka, zan karɓe su, zan kuma ci gaba da yi maka addu'a don kai ɗana ne, sai dai ba zan ƙara kiranka da sunan mahaifina ba.

Idona ya yi rauni, ka ga yadda baƙaƙen nan suka yi manya. Ƙananan rubutun kakanka sun fi ƙarfina yanzu. In Allah ya sa wani yaron Karare ya kai ga shiga zaure, ka zo da shi da kaka bayan girbi, in kori kowa ya karanta mani in ji. Amma kafin kowane yaro, akwai wadda ta riga su. Fallen labarin da za ka kwafa ka ba kawunka ya kawo nan tukuna, daga baya a mayar maka.

Yau da safe na kira Kulu, ta zo daga gidan mijinta da goyo a baya, na gaya mata ba akuya ba ce. Na gaya mata duka. Na zaci za ta yi kuka ko ta tashi ta fita. Sai ta dube ni ta ce, "To Baba, ya ƙetare?" Na ce na yi wa kakanku alkawari, sai dai ki karanta da idonki. Ta ce, "Kawu yaushe zai dawo daga Batsari?"

Allah ya tsare ka, ya tsare matarka ya sauke ta lafiya, ya tsare yaran da aka damƙa maka. Allah ya kare Karare da Zakka da abin da ke tsakaninsu, ya dawo da kawunka lafiya da abin da muka aike shi. Allah ya jiƙan kakanka, ya yafe mani. Amin.

Mahaifinka, Sulaimanu na Zakka. Wassalam.